Yadda A Ke Rarraba Unguwanni Bisa Ga Halin Mazaunansu

Ko wane Hakimi ya san ƙasarsa. In an tambaye shi inda talauci ya fi tsanani cikin garinsa, ba sai ya buɗe littafi ba, zai ce unguwa kaza. In an tambaye shi inda baƙi su ke sauka, ko inda maƙera da masaƙa su ke zaune, nan take zai faɗa. Amma sanin da ke cikin kan mutum ɗaya bai isa a raba dukiyar jama'a da shi ba. Ran da aka ce rijiya goma za a haƙa, alhali unguwa talatin ke roƙo, dole a sami hujjar da za a shimfiɗa gaban kowa, wadda mai unguwar da bai samu ba zai duba ya yarda ba a zalunce shi ba.

Ɗaya daga cikin dabarun samun irin wannan hujja ita ce rarraba unguwanni aji-aji bisa ga halin mutanen da ke zaune cikinsu. An rubuta wannan 'yar takarda domin Hakimai da malamansu su san ma'anar wannan aiki, da inda ya samo asali, da amfanin da ya yi a wata ƙasa, da ɓarnar da ya yi a wata. Gama ko wanene ya zo yin irinsa a ƙasar Hakimi, ta ƙofar Hakimi zai bi, bakin dagaci da mai unguwa kuma zai saurara.

MA'ANAR AIKIN

Da fari a kan yanka gari ƙanana-ƙanana, ko titi-titi, ko unguwa-unguwa. Sa'an nan a tattara labarin mazaunan ko wane yanki: yawansu, da shekarunsu, da sana'arsu, da karatunsu, da irin gidajensu, da yawan masu kwana ɗaki guda, da inda su ke ɗebo ruwa, da ko haifaffun wurin ne ko baƙi. Daga nan sai a duba yankunan da suka yi kama da juna, a tara su aji ɗaya, ko da wannan yana gabas da gari wancan yana yamma. Ko wane aji a ba shi suna ko launi, a shafa launin bisa taswira. Wanda ya dubi taswirar zai ga halin gari duka da kallo ɗaya.

Tushen dabarar shi ne, mutane masu hali iri ɗaya su kan zauna kusa da juna. Kuɗin haya ya kan tara masu ƙaramin ƙarfi wuri guda, sana'a ta kan tara masu yinta, baƙo kuma ya kan nemi inda ɗan garinsu ya riga shi sauka. Saboda haka in ka san unguwa, ka san wani abu game da yawancin mazaunanta. A lura, yawancinsu aka ce, ba dukansu ba. Za mu komo kan wannan magana.

ATTAJIRIN DA YA SHAFA WA LANDAN LAUNI

Wanda ya fara yin wannan aiki sosai a babban birni shi ne Charles Booth, wani attajiri mai jiragen ruwa, haifaffen Liverpool a ƙasar Ingila cikin 1840. A zamaninsa Landan tana da mutum fiye da miliyan huɗu, kuma gardama ta yi yawa game da talakawanta. Waɗansu suna cewa jama'a da yawa a birnin da yunwa su ke kwana, waɗansu suna cewa ƙari ne, masu kuka malalata ne da mashaya. Ba mai hujja. Booth ɗan kasuwa ne, ya saba da lissafi, sai ya ƙudura zai ƙidaya abin da kansa, da kuɗin aljihunsa. Ya soma cikin 1886.

Bai bi gida-gida da ƙafarsa ba, gama birnin ya fi ƙarfin haka. Sai ya nemi waɗanda aikinsu ya riga ya kai su ko wane gida. A lokacin an wajabta sa yara makaranta, kuma hukumar makarantun Landan tana da ma'aikata masu zaga gidaje su ga ko yara suna zuwa. Ko wane ɗayansu yana da littafi, ya san uban yara da sana'arsa da halin ɗakinsa. Booth da mataimakansa suka riƙa zama da waɗannan ma'aikata, suna bin littattafansu titi-titi, suna rubuta halin ko wane iyali. Shi kansa kuma ya kama haya cikin gidajen ma'aikata, ya zauna makonni, domin gani ya kori ji.

Ya aza ma'auni. Ya ce iyali matsakaici wanda abin da ke shigo masa bai wuce sule 18 zuwa 21 a mako ba, matalauci ne. Wanda bai kai haka ba, talaucinsa ya yi tsanani. Sa'an nan ya zaɓi launi bakwai. Baƙi shi ne na ƙasa duka. Shuɗi mai duhu na masu tsananin talauci ne, waɗanda ba su da tsayayyen aiki. Shuɗi mai haske na matalauta masu ɗan abin yi. Shunayya ta titin da aka gauraya, waɗansu da rufin asiri waɗansu babu. Ruwan hoda na ma'aikata masu tsayayyen albashi. Ja na masu hali, rawaya kuwa ta attajirai. Ko wane titi aka shafa masa launin da ya dace da yawancin mazaunansa.

ABIN DA TASWIRAR TA NUNA

Littafin farko ya fito cikin 1889, game da gabashin Landan, inda mutum wajen 900,000 su ke zaune. Ya nuna 35 cikin 100 matalauta ne. Da aka gama birnin duka cikin 1891, sai aka ga kusan 31 cikin 100 ne. Aikin bai ƙare ba sai 1903, ya cika littafi 17.

Abu uku suka fito fili waɗanda ba a sani ba sosai a da.

Na ɗaya, sanadin talauci. Booth ya bincika iyali wajen 4,000 ɗaya-ɗaya. Cikin masu tsananin talauci, fiye da rabi rashin tsayayyen aiki ko ƙarancin lada ne ya kayar da su. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ciwo ne ko yawan iyali. Waɗanda shaye-shaye da almubazzaranci suka kayar ba su wuce 14 cikin 100 ba. Watau maganar da masu hali su ke yi, cewa talaka shi ya jawo wa kansa, ba ta tsaya gaban lissafi ba.

Na biyu, inda talauci ya ke ɓuya. Sau da yawa babban titi ja ne, amma lungun da ke bayansa shuɗi ne ko baƙi. Attajiri ya kan wuce cikin keken dokinsa shekara da shekaru bai san abin da ke bayan bangon ba. Booth ya lura kuma talauci ya fi taruwa inda hanyar jirgin ƙasa, ko magudanar ruwa, ko bangon masana'anta ya toshe lungu, ya zama ba mai ratsawa.

Na uku, tsufa. Ya ga mutum ya kan yi aiki duk ransa da mutunci, ran da ƙarfinsa ya ƙare sai ya faɗa talauci. Ya tsaya kai da fata a kan a riƙa ba tsofaffi fansho daga baitulmali. Cikin 1908 Majalisar Ingila ta yi dokar ba matalautan da suka kai shekara 70 sule 5 a mako, aikin Booth kuwa yana cikin hujjojin da suka ja hankalin jama'a zuwa ga haka.

Duk da haka aikin yana da aibi. Bayanin da aka rubuta gaban baƙin launi bai tsaya ga talauci ba, ya siffanta mutanen da mugun hali da kusantar laifi. Da za a sabunta taswirar cikin 1898 da 1899, mataimakan Booth tare da 'yan sanda suka zaga tituna, ɗan sanda kuwa abin da ya fi sani game da titi shi ne wanda ya taɓa kamawa a can. Ta haka matar kirki mai wankau da 'ya'yanta suka shiga baƙin launi domin maƙwabcinsu ɓarawo ne.

Wani abin lura kuma, halin unguwa yana da wuyar sakewa. Cikin 2000 waɗansu masana a Ingila suka gwada taswirar Booth da lissafin mace-macen Landan na 1991 zuwa 1995. Suka tarar wuraren da ya shafa wa launin talauci, bayan shekara kusan ɗari, su ne dai mutane suka fi saurin mutuwa a cikinsu. Unguwar da aka bari a baya ba ta kan taso don kanta ba.

JAN LAYI A AMURKA

Yanzu mu ƙetare teku mu ga yadda dabara ɗaya ta haifi wani abu dabam. Cikin 1933, lokacin da kasuwar duniya ta faɗi, mutane da yawa a Amurka suka kasa biyan bashin gidajensu. Gwamnati ta kafa hukumar rancen gidaje wadda a ke kira HOLC. Daga 1935 zuwa 1940 wannan hukuma ta zana taswirar birane fiye da 200, ta raba unguwanninsu aji huɗu bisa ga yadda a ke zaton mai ba da rance zai sami kuɗinsa. Kore shi ne mafi kyau, sai shuɗi, sai rawaya wadda aka ce tana lalacewa, sai ja wanda aka ce hatsari ne.

Masu zanen sun dubi tsufan gidaje da kuɗin haya, amma ba su tsaya nan ba. Sun rubuta launin fatar mazauna da asalinsu. Unguwar da baƙar fata su ke zaune kusan kullum ja a ke shafa mata, ko da gidajenta masu kyau ne, ko da mazaunanta likitoci ne da malamai. Wata hukumar Gwamnati da aka kafa cikin 1934 domin tsaya wa masu karɓar rance ta bi irin wannan tunani, bankuna ma haka. Masana suna da saɓani a kan ko taswirorin HOLC ne suka haddasa wariyar, ko kuwa sun rubuta abin da a ke yi ne tun da can. Amma ba saɓani a kan abin da ya biyo baya. Mutumin jar unguwa ya sha wuyar samun rancen sayen gida ko gyaransa. Da ba a gyara gidaje ba sai suka lalace, da suka lalace darajarsu ta faɗi, sai aka ce to, ga shi, da ma mun faɗa. Ba a haramta nuna bambancin launin fata wajen sayar da gida ko ba da rancensa ba sai 1968. Wani bincike na 2018 ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na unguwannin da aka shafa wa ja, a lokacin binciken masu ƙaramin ƙarfi ne ke zaune cikinsu.

A duba bambancin. Booth ya nemi inda talauci ya ke domin a kai agaji. Masu jan layi sun nemi inda ya ke domin a kauce masa. Taswirar kusan iri ɗaya ce, niyyar mai riƙe da ita ce ta bambanta.

YADDA A KE YI A WANNAN ZAMANI

Bayan Booth, malaman jami'ar Shikago suka ɗauki aikin. Cikin 1925 ɗayansu, Ernest Burgess, ya kwatanta birni da zobba cikin zobba: kasuwa a tsakiya, sababbin baƙi da matalauta kewaye da ita, masu hali can waje. Cikin 1955 waɗansu masana biyu, Shevky da Bell, suka ce abu uku ne ke bambanta unguwannin birni: matsayin mutane wajen sana'a da ilmi, da irin zaman iyalinsu, da asalinsu. Da kwamfuta ta samu, sai aikin ya yi sauƙi. Cikin shekarun 1970 wani Bature, Richard Webber, ya rarraba unguwannin Liverpool domin a gane iri-irin talaucin da ke cikinsu, daga aikinsa kuma aka fitar da tsarin da a ke kira ACORN, wanda 'yan kasuwa suka karɓa domin sanin inda za su kai hajarsu.

Misalin yadda Gwamnati ke yi shi ne na ƙidayar Ingila ta 2011. An yanka ƙasar ƙananan yankuna, ko wanne gida wajen 125. An zaɓi abu 60 daga cikin amsoshin ƙidaya, kamar shekaru da sana'a da irin gida. Kwamfuta ta auna ko wane yanki da waɗannan abubuwa, ta tara masu kama da juna, aka sami manyan azuzuwa 8, aka kasa su 26, aka sake kasa su 76. Da irin wannan a ke shawarar inda za a ƙara asibiti, da inda tsofaffi suka yi yawa, da inda yara za su buƙaci makaranta nan da shekara biyar.

Amma kada a ɗauka kwamfuta ta san gaskiya don kanta. Mutum ne ya zaɓi abin da za a auna, mutum ne ya ja iyakar yanki, mutum ne kuma ya raɗa wa aji suna. In an zuba mata ƙarya, ƙarya za ta fitar, sai dai ta fito a tsare.

UNGUWA DABAM, MUTUM DABAM

Babban kuskuren da a ke yi da irin wannan taswira shi ne a ɗauki halin unguwa a aza wa ko wane mai zama cikinta. Cikin 1950 wani masani Ba'amurke, Robinson, ya nuna hatsarin wannan da ƙidayar ƙasarsu ta 1930. Ya tarar jihohin da baƙi 'yan ƙasashen waje suka fi yawa su ne suka fi yawan masu iya karatu. Mai gaggawa zai ce ashe baƙi sun fi 'yan ƙasa karatu. Da aka duba mutum-mutum sai aka ga akasin haka ne. Dalili kuwa, baƙi sun fi sauka a jihohin da 'yan ƙasa suka riga suka yi karatu, domin can aiki ya ke.

Ga misali na kusa. A ce unguwa tana da gida 100, 70 matalauta ne. Daidai ne a sa ta ajin matalauta. Amma in aka ce kowa a cikinta matalauci ne, an yi kuskure a kan gida 30. A ce kuma wata unguwa ta masu hali tana da gida 100, 15 matalauta ne. In aka ce agaji sai unguwar farko kaɗai, an manta da gida 15, wataƙila kuwa su ne mafi shan wuya, domin ba mai tunawa da su. Saboda haka taswira tana da amfani wajen abin da a ke yi wa wuri, kamar rijiya da makaranta da ɗakin shan magani da magudanar ruwa. Abin da a ke yi wa mutum kuwa, kamar rance ko ɗaukar aiki ko tuhuma, sai a dubi mutumin.

GARURUWANMU

Rarraba unguwanni ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sunayen unguwannin birnin Kano sun isa shaida: Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa, da Ayagi inda Yarbawa fatake suka sauka, da Soron Ɗinki. Ko wane suna yana faɗin asali ko sana'ar waɗanda suka kafa wurin. Amma wanda ya je Tudun Nufawa yau yana neman mai jin Nufanci zai sha yawo, gama jikokinsu Kanawa ne. Suna ya kan tsaya, mutane su sake. Wannan darasi ne ga mai zana taswira.

Zamanin Turawa ya kawo wani irin rabo, wanda doka ta yi, ba zaman mutane ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa wannan tsari, aka kuma ƙa'ida a bar fili yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A nan ba a duba inda mutane su ke aka rubuta ba, an rubuta ne aka ce su zauna. Wajibi ne a bambanta waɗannan biyu. Aikin da mu ke magana a kai bayani ne na yadda a ke zaune, ba umurni ba ne na inda wani zai zauna.

Akwai kuma abin da ya sa garuruwanmu suka bambanta da Landan. A tsohon birni attajiri da talaka katanga ɗaya ta raba su, sau da yawa ma 'yan'uwa ne. Gida ɗaya ya kan ƙunshi magidanta biyar, wani ɗan kasuwa, wani ɗan dako. Da rani gari ya kan cika da 'yan ci-rani, da damina su koma gona. Wanda ya ɗauko azuzuwan Ingila ya aza wa Zariya ko Katsina zai ɓata. Sai an zaɓi ma'aunin da ya dace da zamanmu.

Malaman Hakimai sun gaji aikin ƙidaya tun zamanin En'e, lokacin da a ke rubuta masu biyan haraji da shanun jangali ko wace shekara. Mulkin En'e ya ƙare da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, jihohin Kano da Kaduna kuma suka soke haraji da jangali cikin 1979. Amma darasin wancan zamani yana nan. Sa'ad da ƙidaya ta ke jawo biya, mutane su kan ɓoye kawunansu. Sa'ad da ta ke jawo rabo, su kan ƙara. Ƙasar nan ta ga haka da idonta, gama an soke ƙidayar 1962 aka sake ta cikin 1963, aka kuma soke ta 1973, duk saboda gardamar adadi.

ABIN DA YA WAJABA A KIYAYE

1. A tambayi dalilin aikin tun da fari. Hakimi yana da haƙƙin ya san wanda ya aiko masu bincike, da abin da za a yi da amsoshin, ya kuma bayyana wa dagatai da masu unguwa, su bayyana wa jama'a.

2. A rubuta abin da a ke iya gani ko ƙirgawa. Rufin gida kwano ne ko ciyawa, mutum nawa ke kwana ɗaki guda, tafiyar minti nawa ce zuwa ruwa, yara nawa ke makaranta. Kada a rubuta hali, kamar a ce mutanen wurin malalata ne ko marasa gaskiya. Nan ne Booth ya yi tuntuɓe.

3. Kada a mai da ƙabila ko addini ma'aunin daraja. Nan ne Amurka ta yi ɓarna. Ƙidayar Nijeriya ta 2006 ba ta tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba.

4. A daidaita ma'anar iyali. Masu ƙidaya su kan ɗauki waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya a matsayin iyali ɗaya, ko da ƙofar gidan ta haɗa su da waɗansu. In malami ɗaya ya ƙirga zaure, wani ya ƙirga tukunya, lissafinsu ba zai gwadu ba.

5. A yanka yanki ƙarami. In aka haɗa lungun matalauta da babban titin masu hali aka ɗauki tsaka-tsaki, sai wurin ya fito kamar lafiya lau, lungun ya ɓace.

6. A rubuta adadi, a kuma rubuta kashi cikin ɗari. A ce unguwa mai gida 200 tana da gida 60 marasa ruwa, watau 30 cikin 100. Wata mai gida 1,000 tana da 150, watau 15 cikin 100. Ta farko ta fi tsanani, ta biyu ta fi yawan mabukata. Mai yanke shawara yana buƙatar ya ga duka biyu.

7. A nemi waɗanda a kan manta. Almajirai, da 'yan ci-rani, da Fulanin da suka sauka bayan gari, da waɗanda rikici ya koro, da tsofaffin da ba su da kowa. Labarin cikin gida kuma mata suka fi saninsa, saboda haka a sa mata cikin masu tambaya, domin su ne za su iya shiga inda namiji ba ya shiga. A rubuta watan da aka yi aikin.

8. Kada a tsaya ga bakin mutum ɗaya. Mai unguwa ya san mutanensa, amma shi ma ɗan Adam ne, yana da masoya da abokan gaba. A karanta wa dattawan unguwa abin da aka rubuta a kansu kafin a aika, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

9. A raɗa wa aji sunan da mazaunansa za su ji ba tare da kunya ba. A ce unguwannin da ke buƙatar ruwa, ko unguwannin sababbin zuwa. Mugun suna in ya kama unguwa ya kan bi 'ya'yanta har wajen neman aure da neman aiki.

10. A riƙe sirri. Abin da magidanci ya faɗa game da samunsa amana ce. Adadin unguwa a ke bayyanawa, ba sunan mutum ba.

11. A sabunta. Booth ma ya sa aka sake zaga Landan bayan shekara goma. Garin da ke girma kamar namu, taswirar da ta shekara goma ta tsufa.

ƘARSHE

Hakimi uban ƙasa ne, unguwar da ta fito a ƙasan lissafi kuwa tasa ce kamar wadda ta fito a sama. In taswira ta zo hannunku, ku nemi wurin da launinsa ya fi muni, ku tambayi abin da za a kai can bana, da wanda zai kai, da ranar da za a komo a duba. In kuwa kuka ji ana cewa kada a ba mutanen wuri kaza rance, ko kada a ɗauki 'ya'yansu aiki, domin takarda ta ce unguwarsu ba ta da kyau, ku tuna da jan layin Amurka, ku tsaya wa talakawanku. Malami kuma ya tuna abin da alƙalaminsa ya rubuta yau zai yiwu a yi hukunci da shi bayan ba ya nan. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.